Ruwa ya ci gidanmu, Baba ya ce inshora caca ce, in yi a ɓoye ne?

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta wajen Auyo, shekarata 34, ina ɗan taɓa noman shinkafa. A ambaliyar 2022 ruwa ya shigo mana cikin dare, ɗakunan ƙasa huɗu suka zauna, rumbu biyu suka tafi, kayan ɗakin matata kaf har da keken ɗinkinta. Sati biyar muka yi a ajin makarantar da nake koyarwa. Tallafin da ya iso mu tabarma ce da bargo da 'yan kwanukan masara. Na ci bashi a kofaretib ɗin malamai na tada ɗaki biyu da falo na bulo a cikin gidan Baba, har yau ana cira a albashina. A 2024 ruwa ya sake zuwa har bakin zaure Allah ya tsare. Wani abokina a Dutse yace in yi wa ginin inshora, da na faɗa wa Baba sai yace caca ce kuma mai yinta bai yarda da ƙaddara ba, kwana uku baya amsa gaisuwata da kyau. Yayana yace kuɗi kawai zan zubar, waye ya taɓa ganin an biya talaka. Matata kuma tace in damina ta kama ba a yi komai ba gidansu zata tafi da yara sai kaka. Ni yanzu hadari na haɗowa bana iya bacci. In yi a ɓoye ne ko in haƙura?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba, ya biya maka wannan bashi cikin sauƙi. Sau biyu na karanta saƙonka kuma inda ya tsaya min a rai shi ne maganar baccin nan, don wanda bai taɓa sauke ƙafa daga gado ƙarfe biyun dare ya ji ta cikin ruwa ba bazai gane ba. A shekarar nan ta 2022 na je jaje wani ƙauye ta wajen Ringim, ruwa ya ja amma shatinsa na nan a bangon masallaci daidai ƙirjina, wata tsohuwa ta baza takardun makarantar jikanta a kan tabarma tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kar su manne, tawadar duk ta zube ba a ganin ko suna. Toh ba rashin imani ke damunka ba, wanda maciji ya sara in yaga tsumma dole ya zabura. Amsata a gajarce: kada kayi a ɓoye, kuma kada ka haƙura.

Tsoron naka ma yana kan hanya. Ku kuna zaune ne a inda ruwan Kano yake zuwa ya huta. Kogin Kano da ke fitowa daga Tiga da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil ya wuce Ringim ya gangaro muku, dam ɗin Tiga tun 1974 yake, na Challawa 1992, in marka ta yi yawa a Agusta da Satumba suka cika toh abin da suka amayar ƙasa zai nufa. A wajenku kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga yashi ya cike cikin kogin ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya rasa inda zai bi ya fantsama gonaki da gidaje. Ka lissafa da kanka, 2018, 2020, 2022, 2024. Abin da yake zuwa haka a jere ya zama baƙon da aka san lokacin zuwansa, a shirya masa kawai. Kuma ka gani da idonka, tallafin gwamnati na tsayar da yunwa ne da sanyi, tabarma da bargo da masara, ba a tada ɗaki da shi. A 2022 ɗin nan sama da mutum miliyan ɗaya ruwa ya raba da gidajensu a faɗin ƙasar nan, wa zai gina wa kowa? In ginin nan naka ya faɗi gobe kofaretib bazata daina cirar kuɗinta ba, zaka zauna kana biyan bashin ɗakin da babu shi. Wannan ramin shi ne inshora take toshewa, abokinka bai baka muguwar shawara ba.

Yanzu maganar Baba, kuma ina roƙonka ka sassauta zuciyarka a kansa don ba daga iska ya ɗauko ba. Manyan malamai da yawa sun hana inshorar kasuwa irin wadda aka saba, saboda akwai garari a cikinta, wato ka biya kuɗi baka san zaka karɓi wani abu ko bazaka karɓa ba, ga kuma juya kuɗin mutane da ake yi a harkar kuɗin ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke haka. Amma a zaman nan ɗaya suka ce wadda ta halatta ita ce ta taimakon juna, ita ce yau ake kira takaful. Kaga Baba rabin karatun ya ji, ɗaya rabin bai iso shi ba, kuma ba laifinsa bane, wa ya taɓa zuwa ƙauye ya zauna ya yi musu bayani?

Yadda takaful take: mutane da yawa kowa ya zuba gudummawarsa a asusu ɗaya da niyyar kyauta, cewa duk wanda masifa ta afka wa a cikinmu a ɗiba a tada shi. Asusun na masu zubawa ne, kamfani wakili ne kawai yana ɗaukar ladan aikinsa, ba a saka kuɗin a harkar riba (kaga ruwa biyu kenan ake gudu, na kogi da na banki), akwai kwamitin malamai da ke duba aikin, in shekara ta ƙare aka samu rara ana iya mayar wa masu zubawa wani kaso. A Sudan aka fara buɗe irin wannan kamfani tun 1979, a nan gida kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, yanzu akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Ba talla nake musu ba, ina faɗa ne don kasan abin akwai shi a ƙasa. In ka duba da kyau ai gayya ce aka rubuta a takarda. Ɗakin mutum ya faɗi a garinku ba fitowa ake yi kowa da abin da ya samu ba, wannan azara wannan kwaɓa ƙasa? Baba ya fi ni da kai sanin wannan. Kuma hadisin Ash'ariyyawa yana cikin Bukhari da Muslim, mutanen da in abinci ya yi musu ƙaranci sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) ya yabe su yace suna daga gare shi shi ma yana daga gare su. Batun ƙaddara kuwa, Baba da kansa yana yin yaɓe kafin damina yana gyara indararo, yana zuba hatsi a rumbu don bazara, ba wanda yace masa bai yi tawakkali ba. Ɗaure raƙumi aka ce sannan a dogara.

Amma fa kada ka kwashi wannan duka ka je ka juye wa Baba kamar kana gaban 'yan aji huɗu, wallahi ɓata abin zaka yi. Ni a ganina ba kalmar inshora kaɗai ta ɓata masa rai ba. Dattijo ne da gidansa ya rushe a gaban idonsa, ɗansa ya zo ya tada bulo a tsakiyar gidan shi yana cikin ɗakin ƙasa, yanzu kuma ɗan ya zo da maganar wasu mutanen birni da zasu tsare masa nasa ɗakin. Ka sa kanka a wurinsa. Ka fara zuwa wajen limamin da Baba yake jin maganarsa, kai kaɗai, ka kai masa bayanin takaful ɗin in da hali a rubuce, ka bar shi ya yi nasa binciken, fatawa tasu ce ba tawa ba. In ya gamsu shi zai yi wa Baba magana bayan sallar asuba ko a zaure, ko ka haɗa da wani kawunka da suke shiri. Kai kuma naka shi ne ka durƙusa kace Baba na yi kuskure da na kawo maganar kamar na riga na yanke, shawara nazo nema, bashin nan ne yake hana ni bacci. Kuma ka shigo da ɗakinsa cikin lissafin, kace kana so kafin ruwa ya sauka a zagaye gindin bangonsa da siminti. Dattawa in suka ga ba a ware su ba suna saukowa da wuri fiye da yadda ake zato.

Dalilin da yasa nace kar kayi a ɓoye ba ladabi kaɗai bane. Ba a yi wa abu inshora sai wanda yake da haƙƙi a kansa, kai ka gina amma filin na Baba ne, kamfani zai iya tambayar shaidar mallaka ko ya turo a duba ginin. Ka ɗauka mutum ya sauka daga mashin da fayil a hannu yana auna bango Baba na zaune a ƙofar gida bai san komai ba, ina zaka sa fuskarka? Gara ma tun yanzu a samu 'yar takarda, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu da shaidu, cewa ɗakunan nan kai ka gina da izinin Baba. Zata yi maka amfani a wajen kamfani, kuma Allah ya ja da ran Baba, wata rana zata kashe wata rigimar tsakaninka da 'yan uwa da ba sai na faɗa ba.

Yayanka shi ma yana da tasa gaskiyar, an sha cutar mutane, wani ya karɓi kuɗi a hannu ya ba da takardar bogi, wani kuma takardar ta gaske ce amma ba a karanta masa abin da ke ciki ba sai ranar kuka. Toh maganin wannan ba gudu bane, tambaya ce, kuma ka tafi da shi Yayan ranar da zaka je, mai shakka ya fi iya tambaya. Abu na farko da zaka riƙe: inshorar gobara zalla bata biyan ɓarnar ruwa. Wadda ake sa ambaliya a ciki da Turanci suna ce mata Fire and Special Perils, ko kuma ta masu gida wadda ke haɗa gini da kayan ciki, kace a nuna maka da yatsa inda aka rubuta ambaliya. Ka tambaya ƙarara, in kogi ne ya ɓallo ya shigo zaku biya? In kuma marka ce ta kwana uku ta jiƙa gini ya tsage fa? Don ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba a takarda. Ka tambayi nawa ne kason farko na asara da kai zaka ɗauka kafin su fara biya, kusan ko wace yarjejeniya tana da shi. Ka tambayi kwana nawa kake da shi ka sanar da su in abu ya faru, kuma ta wace lamba.

Sannan ka faɗa musu gaskiya cewa ruwa ya ci gidan a 2022 ya kuma zo bakin zaure a 2024. Na san zuciya zata ce ka yi shiru kar su ƙi ko su tsauwala kuɗi, kar ka saurare ta, ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da ka zo neman diyya zasu bincika kuma ɓoye irin wannan ya ishe su hujjar hana ka ko sisi. Haka kuɗin ginin, ka rubuta abin da zai ci in yau za a sake shi, ba abin da ka kashe ba, ai kasan buhun siminti ya ninka tun lokacin. Misali a ce sake ginin zai ci miliyan 6 kai ka rubuta miliyan 3 don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ruwa ya yi ɓarnar miliyan 2, toh miliyan 1 zasu baka, tunda rabi ka rubuta rabi zaka karɓa. Mutane da yawa a nan suke cewa an cuce su alhali yana rubuce. Kuɗi kuma asusun kamfani zaka tura ba na ejan ba, ka karɓi rasit da takardar yarjejeniya, ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi a shafin NAICOM na intanet, in wata rana aka yi maka wasa da haƙƙi su ake kai wa ƙorafi. A doka in baka biya ba babu kariya, alƙawarin baki ba ya aiki, kuma duk shekara ake sabuntawa. Ka yi shi tun rani, ba a fafe gora ranar tafiya, ba kamfanin da zai karɓe ka ruwa na bakin gari.

Ranar da aka gama ka ɗauki waya ka bi ɗakunan ka yi hoto da bidiyo, bango, rufi, daɓe, gado, katifa, komai, ka tura wa abokin nan naka na Dutse ta WhatsApp ya ajiye don waya ma ruwa na cinta. Takardu a leda biyu a rataye can sama kusa da rufi, har da na makaranta da katin ɗan ƙasa. In Allah ya kawo tsautsayi a fara tsira da rai, sannan hoto kafin a taɓa komai, sannan waya ga kamfani.

Bazan ɓoye maka ba, zai iya yiwuwa ka je su ce basa karɓar gidan da ke bakin kogi, ko su faɗi kuɗin da albashin malamin firamare mai bashi bazai ɗauka ba, ɗakunan ƙasa kuwa da wuya su karɓa. Ka tambayi wuri biyu ko uku kafin ka yanke ƙauna, kuma ka tambaya ko zasu karɓi kayan ciki kaɗai. In duk bata yiwu ba toh kuɗin da ka yi niyya kar ya narke a cefane. Wani kaso ya tafi jikin gidan, a ɗaga dokin ƙofa, a yi wa gindin bango siket na siminti, a buɗe kwatar da ke fitar da ruwa daga tsakar gida, rumbu a ɗora shi kan duwatsu masu tsayi ko kuma a riƙa kai rabin hatsi wajen ɗan uwa da ke kan tudu kafin Agusta. Sauran ka ware shi a asusu daban wanda ba ka da katinsa a aljihu. Ku malamai ma kuna da kofaretib a hannu, me zai hana ku kawo shawarar a buɗe asusun ambaliya, kowa ɗan abu kaɗan a wata, a rubuta ƙa'ida a sa mutum uku masu sa hannu? Sai dai ka sani rauninsa ɗaya ne, in duk 'yan asusun garinku ɗaya ruwa rana ɗaya zai ci ku gaba ɗaya asusun ya kasa, sai an haɗa da na Gumel ko Kazaure ko wani wuri da ba kogi ɗaya kuke sha ba, abin da yasa kamfani ya fi ƙarfi kenan. Gonar shinkafa kuma hanyarta daban, akwai hukumar inshorar noma ta tarayya NAIC, ka leƙa ka ji sharuɗansu kafin shuka, ka haɗa da wannan ma a tambayar da zaka yi wa liman. Gayyar jinga da cire kachala in an kira kar ka ce kai malami ne, ka fita. Kuma duk shekara hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwan koguna NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya har da sunayen ƙananan hukumomi, ana faɗa a rediyo, ka riƙa kasa kunne.

Na bar maganar ƙanwata, wato matarka, a ƙarshe da gangan don ina ganin ita aka fi mantawa a gidan nan. Kai ka rasa gini ka sake tadawa, ita fa? Kayan da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa suka jera mata, da keken da take samun na sabulu da na anko, dare ɗaya suka tafi, kuma a wasiƙarka ban ga inda kace an mayar mata da ko ɗaya ba. Maganar tafiya gida da take yi ba yaji bane, uwa ce da ta taɓa ɗaukar yara a ka cikin duhu ruwa na jan zaninta. Ka zauna da ita bayan yara sun yi bacci ka gaya mata duk abin da kake shiryawa, har nawa ne bashin ya rage, mata suna iya haƙuri da talauci amma zaman duhu yana cinsu. In za a rubuta kayan ciki a takardar, nata a rubuta da sunanta don dukiyarta ce. Ku yi yarjejeniya tun yanzu, in aka yi sanarwa a rediyo ko ruwa ya kai wata alama da ku biyu kuka sani, kai da kanka zaka kai ta gida da yara da kaya masu muhimmanci, da mutunci ba da fushi ba, kuma ka je ka faɗa wa surukanka haka tun kafin damina. In da zan zaɓa maka abin da zaka fara saya da kuɗin shinkafar bana, keken ɗinki ne ko na hannu ne, kafin ma kuɗin takaful ɗin.

Ka fara da liman a satin nan. In ka karɓo takardar kamfanin kafin ka sa hannu ka ɗauki hoton shafukan ka turo min mu karanta tare, musamman ƙananan rubutun nan na baya. Ka gaida Baba da kyau, ka gaida ƙanwata da yara.